Farashin Darar Baushe

Akwai wata mata a Filingue, Tambara, wadda ciniki bai taɓa kayar da ita ba. Wata shekara ta rasa mijinta Baushe, ta gaji allon dararsa ta Turawa, wadda ake ce ma eshek.

Baushe da amininsa Maidoki sun tsufa kan allon nan. In sun gama wasa sai su sake jera shi daga farko, suna gardamar inda aka yi kure.

Da ta fita takaba, Maidoki ya zo zaure.

"Uwar Hamida, ki saida min allon. Wasanninmu duk suna kaina, so nike in riƙa maimaita su kahin su ɓace min."

Ta dubi 'yan dawakan icce da sarkinsu. A ƙasarsu ta Kurfai, dattijo ba ya bin sassaƙen icce sai da asiri a ciki. Haka ta ɗauka.

"Mi za ka bada?"

"Tunkiya."

"Albarka. Sa nike so, mai tozo."

"Haba, icce ne hwa."

"To, tahi daji ka saro."

Ya dawo da damina, ya dawo da kaka, tana nan kan bakanta. Sai ya daina zuwa.

Ta kai allon kasuwar Baleyara. Dillali ya juya doki guda, ya ce, "Inna, wanga ko kaza ba ya saye."

Daga tasha ta wuce gidan Maidoki, ta iske shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta aje allon bisa tabarma. Ya jera da hannun hagu, ya tura sojan gaban sarauniya.

"Haka Baushe ke buɗewa, kullum. In ya hiddo doki sai ya ce, 'Baƙo ya iso, a kawo hura.'"

Tambara ta ji maganar kamar daga bakin mijinta.

Ta ce, "Daga nan hwa?"

Ya ɗaga dokin, ya sake aje shi inda yake.

"Daga nan... sauran wasan ya tahi, uwar Hamida. Da damina ina tune da shi duka."

Ta gyara lulluɓi, ta kau da kai.

"Tunkiyar tana nan," in ji shi.

"Riƙe abinka. Kullum in na zo, ka yi min buɗin nan, ka hwaɗi maganar hura. Shi ne kuɗina. Na sallama."

Darasi: Wanda ya zo neman abin tunawa da mamaci, kada ku ja shi da ciniki, domin abin da ke kansa ba zai jira ku ba. Ku tura ma duk wanda ke riƙe da kayan wani mamaci.