Matar da Ta Kira wa Kajinta Likita

Akwai wata mata mai suna Nieves, mai kiwon kajin ƙwai a wani ƙauye kusa da birnin Valladolid. Gonar ta mahaifinta ce, a cikinta ta tashi.

Wata safiya ta shiga ɗakin kaji ta ji shiru. Duk mai kiwo ya san shirun kaji ba alheri ba ne. Ta tsinci matattu goma sha ɗaya. Da ta ga dama sai ta binne su ta ja bakinta, amma ta kira likitan dabbobi a take.

Murar tsuntsaye ce. Hukuma ta kashe kajinta dubu ashirin, aka hana gonakin da ke kewaye fitar da ko ƙwai ɗaya har wata guda. Maƙwabta suka ɗauki gaba da ita, ƙungiyar manoma ta ce ba za ta ƙara karɓar ƙwanta ba. Wallahi matar nan ta ba ni tausayi.

Bayan shekara ta tafi baje kolin kiwo na birnin Zaragoza. Ta yi wa kanta alkawari: in ba ta samo wanda zai riƙa sayen ƙwanta ba, ba za ta sake zuba kaji ba, za ta sayar da gonar mahaifinta. Kwana biyu tana bin rumfuna. Kowa ya karɓi katinta da murmushi, ya ce zai kira. Kun dai san irin wannan kiran.

Rana ta ƙarshe, da ƙarfe biyu, ta zauna cin wainar ƙwai da dankali a dogon teburin 'yan taro. Sai ga maƙwabcinta Fermín, mutumin da ba ya iya magana a hankali.

"A'a, sarauniyar gaskiya ce da kanta," in ji shi. "Jama'a, kowa ya riƙe tarinsa. In kazarka ta yi atishawa, wannan za ta kira maka hukuma kafin ka sa takalmi."

Aka yi dariya. Nieves ta sunkuyar da kai.

"Fermín, ka bar ni in ci abinci," ta ce. "Kajina aka kashe, ba naka ba."

Wata tsohuwa da ke gefenta ta ajiye cokali. Doña Casilda ke nan, mai ƙyanƙyasar baƙaƙen kajin gargajiya, irin da danginta suka shekara sittin suna adanawa.

"'Yata, daga wane ƙauye kike? A watan Fabrairun bara abin ya faru?"

Nieves ta faɗa mata, tana jiran wani zagin.

"Motar abincin kajin da ta sauke miki kaya a ranar, wurina za ta zo washegari," in ji tsohuwar. "A hanya aka tsayar da ita saboda wayarki. Da kin yi shiru kwana ɗaya, da irin kajin kakana ya ƙare a duniya. Na tambayi sunanki, hukuma ta ƙi faɗa mini."

Ta juya ta kalli Fermín. "Na gode, ɗana. Bakin nan naka ya yi rana."

Fermín ya kama gyaran hula, kamar a nan matsalar take.

Doña Casilda ta ce tun daga lokacin tsoro bai bar ta ba. So take ta raba kajin gida biyu, kada wata cuta ta same su wuri ɗaya. Ƙwansu kuwa gidajen abinci na Madrid layi suke yi a kai. Kwana uku tana duba manoma a taron don ta sami wanda za ta ba riƙon rabin kajin, kowa yana nuna mata hoton sababbin injuna.

"Ni ba inji nake nema ba," ta ce. "Wanda zai gaya mini mummunan labari a ranar da ya faru nake nema. Ɗakunanki a wanke suke?"

Nieves ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar fita.

"Tun bara suke a wanke, Doña Casilda. Kullum sai na share su, ko da babu kaza ko ɗaya a ciki."

Darasi: Gaskiyar da ta jawo maka asara yau, wataƙila ta ceci wani da ba ka taɓa gani ba. Kada ka ɓoye ɓarna don tsoron bakin mutane. Ku tura wa wanda ake tsangwama don ya yi abin da ya dace, ya san ba a banza ya yi ba.