Jimlar da Taufiq Ya Goge

Akwai wani matashi a yankin Kura mai suna Taufiq, sakataren ƙungiyar manoman rani na ƙauyensu. Taufiq ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ka ce ya ci ƙafar kare. Yanzu yana bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa, an jima yana ofishin ƙungiya, waya a hannu kullum.

Aikinsa shi ne tura sanarwa a zauren WhatsApp na manoma: yaushe za a saki ruwa, yaushe za a rufe. Da farko sanarwarsa doguwa ce kamar huɗubar Idi, mutane suna ta ƙorafi. Sai ya samo wata manhaja da ke auna rubutu. Tana ƙirga kalmomi, ta auna tsawon kowace jimla, sannan ta ba da maki. Rubutu mai sauƙi ta nuna kore, mai wahala ta nuna ja.

Gaskiya manhajar ta taimake shi. Sanarwarsa ta gajarce, aka fara yaba masa. To daga nan kuma kai ya kumbura. Ko saƙon gaisuwa aka turo masa sai ya auna, ya ce wa mai saƙon, "Talatin ka ci, Malam, ka koma firamare."

Taufiq yana da yaya, Kubra, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da gona ɗaya can ƙarshen layin ruwa. A shekarar duk ƙarfinta ta zuba shi a renon irin tumatir. Irin ya yi kyau, ya isa dashe, ruwa kawai take jira. Idan wannan dashen ya kama, gidanta ya tsira a ranin. Idan ya lalace, ba ta da wani iri.

Wata ranar Lahadi shugaban ƙungiya, Alhaji Isiyaku, ya kira Taufiq ya ce, "Ka sanar za a saki ruwa Talata. Amma ka gaya wa na ƙarshen layi kada kowa ya cire irinsa sai ya ga ruwa a gonarsa da idonsa, domin ciyawar kachala ta toshe magudanar ƙasa, kuma masu yasa ba za su gama ba sai wani makon."

Taufiq ya rubuta duka, ya saka a manhaja. Jimlar farko kore shar. Ta biyu kuwa ja wur, maki ya faɗo ƙasa.

Ya tashi, ya zauna. Ya raba jimlar gida biyu, maki ya ɗan ɗaga amma bai kai yadda ya saba ba. Ya sauya kalmomi, ya mayar. Ya fita ya sha iska, ya dawo. Daga ƙarshe ya yi tsaki, ya goge ta gaba ɗaya, ya saka "Kowa ya shirya" a madadinta, ya ce a ransa ai kowane manomi ya san ba a cire iri sai an ga ruwa. Nan take maki ya haura casa'in.

Alhaji Isiyaku yana kan babur zai wuce Bunkure, ya tsaya ya ce, "Karanta min in ji."

Taufiq ya juya masa fuskar waya. "Ranka ya daɗe, duba nan. Kore ne. Ko ɗan aji uku zai gane."

"Ni ba launi na tambaye ka ba."

"Alhaji, na'ura ta riga ta auna. Ba a gardama da lissafi."

Alhaji yana sauri, ya girgiza kai ya tafi. Sanarwa ta fita: "Za a saki ruwa ranar Talata. Kowa ya shirya."

Kubra ta karanta, ta gane sarai. Kuma ba ta yi shakka ba, tunda ƙaninta ne ya rubuta. Talata da sassafe ta ɗauki mata 'yan aiki, suka cire irin kakaf, suka ɗaure dami-dami, suka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ana jiran ruwa ya iso a yi dashe da yamma.

Azahar ta yi, magudana a bushe. La'asar ta yi, ko danshi babu. Kubra ta hau gefen magudana ta leƙa, ta sauko, ta sake hawa. Sai ta kira Taufiq a waya.

"Taufiq, ruwan nan fa shiru. Ga iri a ƙasa."

Taufiq ya ce, "Yaya, wane iri? Kin cire?"

"Ba kai ka ce a shirya ba?"

Taufiq ya kashe waya. Ya figi babur ya tafi wajen mai kula da ƙofar ruwa, ya roƙa a ƙara buɗewa. Mutumin ya ce ko an buɗe duka, ruwa ba zai ratsa kachala ba. Ya ruga wajen masu yasa, suka nuna masa abin da ya rage, ya ga ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ya nemi aron injin ban-ruwa, duk suna kan aiki. Ya tura sanarwar gyara, wasu na ƙarshen layi da ba su kai ga cirewa ba suka tsira. Ga Kubra kam ihu ne bayan hari.

Washegari ya yi ta jigilar jarkoki a babur, shi da ita suna dasawa suna tsiyaya ruwa a gindin kowane iri. Amma jarka nawa za ta ƙosar da gona a tsakiyar rani? Suna shayar da gaba, baya na bushewa. Kafin ruwan ya iso, abin da ya rayu bai wuce 'yan layuka ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai, Kubra ba ta zage shi ba. Da ya faɗa mata yadda aka yi, kallonsa kawai ta yi ta ce, "Da ka karanta min a waya, auta, ai da na tambaye ka mu na ƙarshe fa."

Lokacin ɗiban tumatir ya zo, motoci suka cika hanyar Kadawa. Taufiq yana wucewa ta wata gona sai ya hango mata 'yan ƙwadago sun jero da kwanduna a ka. Ta uku a layin yayarsa ce, tana ɗaukar tumatirin wani. Ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ya tsayar da babur a gefen hanya, ya kifa kansa, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Na'ura tana iya ƙirga kalmominka, amma ba ta san wace jimla ce rayuwar wani ta rataya a kai ba. Ka sauƙaƙa rubutunka, kada ka yanke gaskiyar da ke cikinsa, kuma kafin ka tura, ka karanta wa wanda abin ya shafa. Ku tura wa duk wanda aka ɗora wa amanar isar da saƙo ga jama'a.