Makin Shinkafar Ƙauyuka Biyar

Ku gyara zama, na baya ku matso. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Abokina ne ya ɗora mini ita, ni kuwa ta fi ƙarfina.

Malam Haladu shi ne Sarkin Noman yankinmu. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, kuma har furfura ta rufe mu ban taɓa jin an ce ya zalunci wani ba. Ƙauyuka biyar ne a hannunsa, duk manoman shinkafa a bakin fadama. Bana wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta kawo injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, guda ɗaya tak. Suka ce a ba ƙauyen da ya fi ci gaba daga bara zuwa bana, Sarkin Noma ya yanke. In kuma aka kasa daidaitawa, su ɗauke abinsu su kai wani yankin.

Nan fa magana ta tashi. Mutanen Tudun Gamji, babban ƙauyen, suka ce ai su suka fi kowa tara buhuna. Mutanen Tungar Kuka, ɗan ƙaramin ƙauye, suka ce su ne suka fi zage damtse. Tungar Kuka kuwa garin marigayiya matarsa ne, don haka tun bai buɗe baki ba aka fara raɗe-raɗin surukansa zai ba. Malam Haladu ya rame. Ya ce mini, "Ɗanlami, ba injin ne ke damuna ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina sasanta mutanen nan. A ce yau ni zan raba su?"

'Ya'yansa uku suka ji halin da yake ciki, suka zo ba tare da ya kira su ba.

Babban, Ɗayyabu, direban a-kori-kura ne. Ya san abin da kowa ya sani, cewa manomi ba ya faɗin gaskiyar abin da ya girbe: in yana tsoron baki ya rage, in ya hango kyauta ya ƙara. Sai ya ajiye motarsa a tsakiyar kaka, lokacin da direba ke samu, ya hau babur. Gida-gida ya bi. Ya sha fura a zaure, ya yi wasa da jikoki, sannan a buɗe masa ɗakin ajiya ya gani da idonsa. Na bara kuwa, ya bi masu casa da direbobin da suka yi jigila, ya gwada maganar wannan da ta wancan har suka dace. Hanyar Gidan Tabo, ɗaya daga cikin ƙauyukan biyar, ta yanke, ya jingina babur ya ratsa ruwa har ƙugu. Ya dawo da zazzaɓi, amma ya dawo da adadin da babu mai iya musawa.

Ta biyun, Saudatu, malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a birni. Ta zo da goyo a baya, kwamfuta a jaka. Ta shimfiɗa tabarma kusa da mahaifinta, ta buɗe shafin lissafi, wanda ke da layuka da gidaje kamar gurbin dara. Ta jera ƙauyuka, ta sa na bara a gida ɗaya, na bana a na kusa. Tudun Gamji sun tashi daga buhu ɗari huɗu zuwa ɗari huɗu da arba'in. Tungar Kuka daga sittin zuwa tamanin da huɗu.

Tsohon ya ce, "To ai Tudun Gamji sun ƙara arba'in, waɗancan ashirin da huɗu."

Ta ce, "Baba, wanda ke da akuya goma ya mayar da su sha huɗu, da mai ɗari da ya mayar da su ɗari da goma, wa ya fi kiwo?"

Sai ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

A gida na uku ta rubuta fomula, wato umarnin da kwamfuta za ta riƙa bi: a cire na bara daga na bana, a raba da na bara, a ninka da ɗari. Tudun Gamji suka fito da kashi goma cikin ɗari, Tungar Kuka kashi arba'in. A gida na huɗu ta rubuta wata, mai mayar da kowane kashi biyar maki ɗaya, kada kuma kowa ya wuce maki goma. Da aka zo kan Gidan Tabo sai kwamfuta ta ƙi, domin bara ambaliya ta cinye gonakinsu, ba su girbe ko buhu ɗaya ba, kuma ba a raba abu da sifili. Saudatu ba ta yarda a jefar da su ba. Ta gyara fomular, ta ce duk inda bara ta zama babu, a auna da bara waccan. Suka fito da maki shida. Tungar Kuka na da takwas, ba wanda ya kamo su.

Sakamakon da tsohon ke tsoro kenan. Ya ce, "Za a ce ɗansa ya ƙirga, 'yarsa ta buga, kawunnansu sun ci. Wa zai yarda?"

Sai na ukun, Bashari, hedimastan firamare, mai bakin da ko yaro mai kuka ya ji shi sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, ranar taro a bar mini."

Ranar taro a gindin tsamiyar kasuwa, bai fara da sakamako ba. Ya ɓoye sunaye da adadi duka. Ya ɗebo tsakuwa, ya yi tsibi babba da ƙarami, ya ƙara wa kowanne, yana tambaya suna amsawa kamar 'yan aji ɗaya. Sai da kowane mai unguwa ya ce da bakinsa ya yarda da wannan ma'auni, sannan ya buɗe. Mai unguwar Tudun Gamji ya miƙe a fusace, ya ce kwamfutar gidan Sarkin Noma ai gidan za ta bi. Bashari ya durƙusa gabansa da kwamfutar, ya ce, "Ranka ya daɗe, faɗi ƙaryar da ka ga dama, a rubuta muku." Dattijon ya ce, "Sa mana ɗari shida." Aka sa. Nan take makinsu ya tashi daga biyu ya koma goma, ba wanda ya taɓa gidan makin. Bashari ya ce, "Ka gani? Ba ta san ku ba, ba ta san kawunnanmu ba. To a bar ƙaryar, ko a mayar da gaskiyar?" Jama'a suka fashe da dariya, mai unguwar ma bai iya riƙe tasa ba. Ya ce, "Mayar da gaskiyar, ɗan nan. Baɗi ma rana ce." Shi da kansa ya kama aka ɗora injin a amalanken Tungar Kuka.

Da suka koma gida, Malam Haladu ya zare zoben azurfa da ya gada wajen mahaifinsa, ya ce na wanda ya fid da shi kunya ne. Ɗayyabu ya ce a ba Saudatu, shi buhuna kawai ya ƙirga. Saudatu ta ce a ba Bashari, da ba don shi ba da lissafinta ya mutu a cikin kwamfuta. Bashari ya ce a ba Yaya Ɗayyabu, shi da ya sha ruwan fadama, shi kuwa surutu kawai ya yi. Tsohon ya juya baya yana share ido da bakin rawani. Har yanzu zoben na aljihunsa, kuma ya rantse ba za a raba shi ba, ba zai kuma mayar da shi yatsansa ba.

To jama'a, wanda ya samo adadin, da wadda ta auna shi, da wanda ya sa zukata suka karɓa, a yatsan wa za a sa zoben nan?