Guɗar Tabawa a Bakin Tabki

Dalilin da ya sa matan Tungar Maje ke rufe baki da tafin hannu ranar bikin su, wato kamun kifi na gayya, ba kunya ba ce, yara. Yaushe kuka taɓa ganin kunya ta hana iyayenku mata magana? Ku matso ku ji.

A da can, idan sanyi ya fara ja da baya, ruwan tabki ya ragu, sai Sarkin Ruwa ya sa ranar kamun kifi. Maza su faɗa ruwa, kowa da homarsa ta kamu da goran da yake iyo a kai, mata su jeru a gaɓa. Duk wanda ya kama babban kifi sai ya ɗaga hannu sama, matan gidansu su rangaɗa masa guɗa, makaɗa su amsa.

A cikin matan akwai wata Tabawa, wadda in ta yi guɗa har ƙauyen tsallake ana ji. Ta haihu ta binne, ta haihu ta binne, har ya rage mata ɗa ɗaya tak, Tunau. Tsoro ya sa ta hana shi shiga ruwa har ya zama saurayi, sa'o'insa suna ce masa ɗan ɗakin Inna.

Wata shekara ya durƙusa gabanta.

"Inna, kin yi wa 'ya'yan kowa guɗa a garin nan. Ni kaɗai ne ban taɓa jin tawa ba."

Maganar ta soke ta. Ta ɗaura jan ƙyalle a wuyan goransa, ta ce, "Je ka, ɗan nan, idona yana kanka. Kana ɗaga hannu za ka ji abin da ba a taɓa ji ba."

Ranar su ta zo. Tabawa ba ta ko ƙifta ido daga jan ƙyallen nan. Can tsakiyar tabki, inda ciyawa ta yi kauri, sai ta ga hannun Tunau a sama. Ya sauka, ya sake tashi.

"Giwan ruwa ya kama! Ɗana ne!"

Ta saki guɗar da ta daɗe tana ajiye masa. Mata suka ɗauka, ganguna suka amsa, duk tabkin ya cika da amo. Tana cikin yi sai ta hango goran yana tahowa gaɓa a hankali, jan ƙyallen na reto, ba kowa a kansa.

Ashe ciyawa ce ta sarƙe masa ƙafa. Kafin la'asar aka fito da gawarsa.

Wani masunci da ke kusa da wurin ya zo yana kuka. "Wallahi na ga bakinsa na motsi, na ɗauka kirari yake yi. Guɗa ta toshe min kunne."

Tabawa ta ce, "Me yake cewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yanzu na gane. Ke yake kira, Inna."

Tun daga ranar ba a ƙara jin guɗarta ba, ko a suna ko a biki. Da shekara ta zagayo ta je gaɓa ta tsaya, ta rame kamar kara. Wani yaro ya ɗaga hannu a ruwa, uwarsa ta buɗe baki, sai Tabawa ta rufe mata shi da tafinta.

"Saurara tukuna, 'yar'uwa. Bari ya taka ƙasa."

Shi ya sa har yau matan Tungar Maje ke tsayawa shiru ranar su, hannu a baki, sai namijin ƙarshe ya fito. Kifi komai girmansa yana iya jira. Kowace uwa tana kasa kunne ne, ko za ta ji an kira ta.