Akuya da Gishirin Ayari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

Akuya sarkin kwaɗayi ta bi ayari tana lasar gishiri, har ta yi nisa da ruwa. Kwana biyu fitsari ya ɗauke mata, ta kwanta tana kuka.

Wani tsohon Raƙumi na cikin ayarin ya tsaya a kanta. "Lafiya, 'yata?"

"Baba, sammu aka yi mini!"

"Ba sammu ba ne. Ƙodarki ce ta riƙe ɗan ruwan jikinki kada ki bushe. Gishirin kuwa ba ya fita sai da ruwa. Hau."

Ya durƙusa, ta hau, ya kai ta wani ɗan kududdufi. Kwanansa tara rabonsa da ruwa, amma sai da ta sha ta ƙoshi ta miƙe sannan ya sa baki.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera!