Gizo da Tsohuwa Mai Tsintsiya

Ku matso kusa, ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani gari akwai wata tsohuwa mai tsintsiya, ba ta da inuwa, ba ta barin sawu. Da rana tsaka take zuwa. Mutanen garin kowa yana da igiya daga tsamiyar tsakar gari zuwa ƙugunsa, kayansa kuma ya ɗaura su da zare a jikinsa. In ya gama da abu, sai ya tsinke zaren. Duk abin da aka bi zarensa bai kai ga tsamiya ba, tsohuwa ta share shi, ba a ƙara ganinsa.

To Gizo, kun san shi da kwaɗayi, bai taɓa tsinke zare ba.

Tukunya ta fashe, matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, tsinke." Ya ce, "Za ta yi amfani."

Tabarma ta ruɓe. "Maigida, tsinke." "Za ta yi amfani."

Jakinsa ya mutu, nan ma ya ƙi. Mataccen jaki ya tsaya a ƙofar ɗaki, ƙudaje na bin idonsa, kullum yana cewa, "Gizo, sake ni in tafi." Ni kaina in na tuna muryar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Gida ya cika da tarkace da ɗoyi, Ƙoƙi ta kwashe 'ya'yanta ta bar masa. Zaruruwa suka cukurkuɗe, jaki da tabarma da tukunya duk suka sarƙe da juna, Gizo ko motsi ba ya iyawa. Haushi ya kama shi, ya ɗauki wuƙa ya datse mafi kauri. Ashe igiyar tsamiya ce!

Rana ta take. Sai ya ji shar, shar, shar a bakin zaure.

"Gizo, wa ke riƙe da kai?"

Ya ce, "Jaki, Iya."

"Jaki, wa ke riƙe da kai?"

"Tabarma."

"Ke tabarma fa?"

"Tukunya."

"Tukunya fa?"

Tukunya ta ce, "Gizo."

Tsohuwa ta ce, "Ashe ba mai riƙe da ku." Ta ɗaga tsintsiya sau ɗaya. Da Ƙoƙi ta zo ɗaukar muciyarta da la'asar, fili ta tarar fetal, an share tas.

Don haka, jikokina, abin da kuka gama da shi ku sake shi tun kuna gane zarensa. Wanda ya riƙe komai, wata rana igiyar ransa zai yanke.

Ƙungurus kan kusu, kai Ɗanlami, sakar mini bakin zani.