Sandar Sarkin Kasuwar Ruwan Gamji

Ku gyara zama ku saurara, don in na gama ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne.

A bakin wani babban kogi akwai gari da ake kira Ruwan Gamji. Sarkin Kasuwarsu wani dattijo ne, Nomau, wanda idanunsa suka fara dushewa. Kullum da hantsi yakan zauna a gindin gamjin da ke bakin ruwa, ya zuba wa kogin ido. In raɓa ta tashi bisa ruwa kamar hayaƙi, sai ya riƙa ganin kwale-kwalen zamanin ƙuruciyarsa suna fitowa daga cikinta ɗaya bayan ɗaya, maƙare da albasa da shinkafa da bandar kifi. Har hayaniyar masu ciniki yakan ji. Rana na ɗagawa sai komai ya watse, a bar shi da rumfuna babu kowa.

Abu biyu ne suka kashe kasuwar. Ambaliya ta cinye gadar da ke haɗa su da babban titi, shekara tara ba a ko ambaci sunanta a kasafin jiha ba. Sannan a doguwar hanyar zagaye an kafa shinge bakwai, kowanne da nasa haraji da nasa tikiti. Fatake suka daina zuwa, matasa suka fara barin gari.

Wata safiya Nomau ya ce wa 'yan kasuwar da suka rage, "Ni na tsufa. Amma ba na so in mutu in bar muku kango."

Mutum uku suka miƙe.

Ta farko ita ce Hajiya Tasalla mai bandar kifi. Ta shiga kwale-kwale ta bi kogi, gari goma sha ɗaya. Waɗannan garuruwa sun daɗe ba sa ga-maciji da juna saboda rigimar ranar cin kasuwa. A wani garin ma ko tabarma ba a ba ta ba. Ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ba sulhu na zo nema ba. Shingen da ke tsayar da albasarmu shi ne ke tsayar da shinkafarku." Wata biyu tana yawo, wutar bandarta a mace, masu sayen kifinta suka koma wurin wasu. Nomau yana zaune ya hango kwale-kwalenta yana dawowa a hankali kamar ganye a kan ruwa, a cinyarta takarda ɗaya mai ɗauke da dangwalen garuruwan duka. Buƙatarsu biyu ce: a haɗe haraji ya zama ɗaya, kuma a gina gada da abin da aka karɓa.

Na biyu shi ne Malam Tanimu tela. Shi ya ɗauki takardar zuwa babban birnin jiha. Masu gadin majalisa suka ce ya dawo gobe, goben ta zama mako, makon ya zama wata. Sai ya ajiye keken ɗinkinsa a inuwar darbejiya daura da ƙofa, yana ɗinki yana jira, har ma'aikata suka saba da shi. Yana can 'yarsa ta fari ta haihu, aka yi suna ba ya nan. A ƙarshe wani magatakarda da ya gyara wa riga ya sa sunansa cikin waɗanda kwamitin kasafi zai saurara. Tanimu ya tsaya gaban manya, ya ce, "Ranku ya daɗe, ba mu zo mu ce ba za mu biya ba. Mun zo ne mu ce ku bar mu mu rayu, don mu daɗe muna biya." Shugaban kwamitin ya ce zai je ya gani da idonsa.

Na uku shi ne Jatau direba. Da ya ji shugaban zai zo da jerin motoci da jiniya, sai ya tare shi ya ce, "Yallaɓai, in ka zo haka, shingayen duk za su buɗe maka, ka koma ka ce ƙarya muke yi. Ka sa tsohuwar riga ka shiga motata." Jatau ya san abin da zai biyo baya, domin masu shingen sun san fuskarsa, kuma wannan mota ita kaɗai ya mallaka. Suka ɗauki albasa suka kama hanya. Aka tsayar da su sau shida, shugaban yana kallo. A na bakwai Jatau ya nuna tikitocinsa ya ce ya riga ya biya. Aka janyo shi ƙasa, aka mare shi, aka sace iskar tayoyinsa, aka riƙe motar. Shugaban ya ƙarasa bakin karyayyar gadar da ƙafa, ya daɗe a tsaye yana kallon ruwa. Kafin a saki motar albasar ta ruɓe, injin ya lalace.

Kafin damina biyu aka yi doka. Haraji ya koma ɗaya, aka tuge shingaye, aka gina gada. Ranar da aka buɗe ta, Nomau bai iya ganinta sosai ba. Sai ya sa aka kai shi tsakiyarta, ya dafa ƙarfen gefe, yana jin motsin motoci na ratsa tafin hannunsa. Ya yi ta murmushi, hawaye na bin gemunsa.

Washegari ya tara jama'a, ya ɗora sandar sarautar kasuwa a cinyarsa, ya ce lokaci ya yi da zai miƙa ta. Mata suka ce ba don Tasalla ba, da kukan gari ɗaya ne, ba mai saurara. Dattawa suka ce ba don Tanimu ba, da takardar tana can a aljihun wani tana cin ƙura. Direbobi suka ce ba don Jatau ba, da shugaban ya zo ya koma bai ga komai ba. Su ukun kuwa suna zaune a tabarma ɗaya, ba wanda ya ɗaga kai.

Nomau ya ɗaga sandar, hannunsa ya tsaya a sama.

To jama'a, sanda ɗaya ce, kuma ba ta rabuwa. Tasalla, ko Tanimu, ko Jatau: a hannun wa za ku ce tsohon ya sa ta?